Wata Biyar Ina Zaɓa wa Baba Aikin Ido

Ko da zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar a zauren Baba da ke Birnin Tudu ba. Har yau in na tuna, sai in ji gumi yana tsattsafo min a ƙeya, in miƙe tsaye in rasa abin da na tashi ɗauka.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma ni kaɗai na yi boko mai nisa. Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Talata Mafara (kimiyyar 'yan aji ɗaya ce, amma a gida ba na faɗin ajin). Baba kuwa malami ne, tun kafin a haife ni shi ke yin tafsirin azumi a masallacin unguwarmu. Saboda kunyar ɗan fari bai taɓa kiran sunana ba, kuma in ba gaisuwa ba, ba ya yi min magana kai tsaye. In yana da saƙo sai ya gaya wa ƙanina Sanusi, ko da ina zaune a wurin. Sunana a bakinsa shi ne "wancan".

To, sai yanar ido ta rufe wa Baba idanu duka biyun. A azumin shekarar da ka ya yi tafsiri, yana lalube a ƙwaƙwalwa inda da yake dubawa a littafi, kuma hakan ya dame shi ƙwarai. Ya ce ba zai sake zama yana fassara maganar Allah da "ina jin haka ne" ba. In idon bai buɗe ba kafin azumi mai zuwa, zai miƙa wa wani kujerar. Duk wanda ya san Baba ya san ranar da ya sauka daga kujerar nan, ranar zai fara tsufa na gaske.

Muka kai shi asibiti a Mafara lokacin da likitocin ido suka zo. Likitan ya duba, ya ce yanar ta nuna, aiki kawai za a yi, kuma yana iya sa Baba a layin wannan makon. Sanusi har ya fara godiya. Ni kuwa sai na gyara tsayuwa na tambaya, da Turancin da na tanada tun daga gida, ko da leza za a yi aikin ko da hannu.

Bawan Allahn nan ya amsa min da Hausa, a natse. Ya ce duka biyun abu ɗaya ake yi: a cire ƙwayar da ta yi hazo a sa sabuwa ta roba. Leza na'ura ce mai haske da ke taimakawa wajen yanka da sassauta yanar, amma a ƙarshe hannun likita ne ke cirewa ya kuma sa sabuwar. Ya ce aiki ne mai kyau, sai dai na'urar tana manyan birane masu nisa, ga tsada, kuma irin yanar Baba da ta daɗe ta yi tauri, aikin hannu yana yi mata daidai. Na gyaɗa kai kamar na gamsu, na ce za mu yi shawara. Baba bai ce komai ba, domin ba zai musa wa ɗan fari a gaban mutane ba.

Daga ranar hankalina bai ƙara kwanciya ba. Da safe in kalli bidiyo a waya, in ga wani Bature ya tashi daga gadon leza yana murmushi, sai in ce leza za a yi ko da ƙasa za ta tsage. Da azahar in tuna hanya, in tuna yadda Baba ke wahala a mota ko zuwa Bakura ne, sai in ce a'a, hannun dai. Kafin la'asar na karanta wani rubutun da ya sake juya ni. Na raba takarda gida biyu, na jera amfanin wannan da na wancan, na yage, na sake. A ɗakin malamai aka fara tashi in na shigo. Matata ta ce in na ƙara ambaton leza a kan tuwo za ta ɗauke kwanon.

Malam Garba na Tsibiri, aminin Baba, ya aiko a gaya min cewa shi da hannu aka yi masa, ga shi har zare yake zura wa allura. Na ce wa ɗan saƙon ai mutum ɗaya ba hujja ba ne a kimiyya (na ji daɗin wannan jimlar har na maimaita wa kaina a kan babur). Likitocin suka sake zuwa, na ce a dakata, saura kaɗan in kammala bincike. Haka wata biyar suka wuce, har aka shiga Rajab.

Ranar Asabar ɗin nan na ɗauki babur na nufi gida da takardu masu kala da na bugo, na yanke hukunci na ƙarshe, karo na wajen goma: leza. Na tarar da zaure cike. Ga Malam Garba, ga manyan ɗaliban Baba, magidanta daga Dakko, kowa da littafinsa a cinya. Baba yana kan buzu da baƙin tabarau a fuska. Da na ga tabaran sai na ce a raina shi ke nan, idon ya ƙara lalacewa, yanzu ko haske ba ya so.

Na durƙusa muka yi gaisuwa mai tsawo, gida, iyali, aiki, hanya, sannan na baje takardu a kan tabarma. Na yi bayani kamar ina gaban allo. Na ce aikin hannu aikin da ne, na ce idon malami ba abin gwaji ba ne, na ce ni dai ba zan yarda a sa wa mahaifina wuƙa a ido ba alhali duniya ta ci gaba. Sanusi yana ta motsi a inda yake zaune, yana buɗe baki yana rufewa, ni kuwa ban ba shi ƙofa ba.

Da na tsaya shan numfashi, Baba ya juya wajen Sanusi ya ce, "Ce ma wancan shi bar maganag ga, ta wuce."

Ni a tunanina taurin kai ne na tsofaffi. Raina ya ɓaci. Kuma tun da na saba shekara biyu Baba ba ya ganin ko wanda ke gabansa, sai na yi abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Na dubi Sanusi, na turo baki na nuna Baba da shi. Na ɗaga yatsa na ɗora a gefen kaina, na murza shi a hankali, wato tsufa ya fara taɓa kan. Ban tsaya nan ba, wallahi. Na buɗe tafin hannu biyu na ɗaga kafaɗa, na juya wajen ɗaliban ina neman wanda zai tausaya min. Babu wanda ya dube ni. Kowa ya zuba wa littafinsa ido, Sanusi kuwa kamar zai shige cikin tabarma. Na ɗauka ba su gane ba ne, sai na sake murza yatsan.

Baba ya ce, da muryarsa ta kullum, "Sanusi, ce ma wancan shi sauke hannunai, ina ganinai. Kaina lahiya lau."

Sannan ya cire tabaran, ya ɗauki littafin da ke gefensa, ya matso da shi wajen idon dama, ya ci gaba da karanta wa wani ɗalibi ƙananan rubutun gefen shafi, daga inda zuwana ya katse su.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Yatsan yana nan a gefen kaina, na kasa saukewa, na kasa barinsa, sai na shiga sosa wurin kamar ƙaiƙayi ne ya kai ni. Malam Garba ya kama tari, irin tarin da kowa ya san ba tari ba ne. Na fara tattara takarduna, biyu suka zame suka faɗa gaban buzun Baba, na rasa ƙarfin halin miƙa hannu. Na ce zan leƙa cikin gida in gai da su Inna, na fita na sa takalmin wani.

A ƙofar gida Sanusi ya same ni. Ya ce kwana goma sha ɗaya ke nan da aka yi aikin, da hannu, a Mafara, a asibitin da nake wucewa kullum in zan je makaranta. Baba ne ya ce a kai shi, ya ce ba zai iya jira ba, kuma ba zai iya ce min na yi kuskure ba. Na hau Sanusi da faɗa don me bai gaya min ba. Ya ce sau uku yana kirana, duk lokacin da ya fara magana sai in ce ya tsaya in turo masa wani bidiyo.

Sannan ya ce, "Yaya, ran da anka kwance mai bandeji, ya duba mu ɗaya ɗaya. Sai yac ce, wancan bai zo ba? Shekara biyu bai ga huskakka ba, kai yaka jira."

Na zauna a kan dakali, na yi kukan da rabona da irinsa tun ina firamare. Mutumin da kunya ta hana shi kiran sunana ya yi kwana goma sha ɗaya yana ɗokin ganina, na zo na nuna masa yatsa a ka.

Baba ya yi tafsirinsa a azumin, da ido ɗaya da littafi a hannu. Bayan salla ya aiko Sanusi ya gaya min cewa ni zan kai shi aikin idon hagu. Na kai shi, da likita ya tambaya ko ina da tambaya na ce babu. Abin da na koya kuwa ba shi da yawa. In zan kai wa mutane hukunci, ina fara tambaya ko an riga an yi abin. Kuma a gaban kowane tsoho, mai gani ne ko marar gani, hannuwana a aljihu suke zama har in fita.