Ranar da na kai ƙarar farfesu

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta ranar da na kai ƙarar farfesu gaban likita.

Ƙanwata Ummi, 'yar shekara sha biyar, aka samu da tarin tibi. Ta fara shan magani, tarin ya lafa, har ta soma neman tuwo da kanta. Kwatsam sai kaluluwa ta fito mata a wuya, kullum ƙara girma take, zazzaɓi ya dawo. Hankalina ya tashi. Na ce a raina wannan da hannun wani a ciki.

Na fara zargin Ummi da tofar da ƙwayoyin, sai ta buɗe baki na leƙa nake ƙyale ta. Na zargi ruwan gidanmu. Daga ƙarshe na tsaya kan Madam Ngozi, maƙwabciyar shagon Innarmu a Kantin Kwari, wadda take dafo wa Ummi farfesun kaza tun daga Sabon Gari. (Me ya sa kullum? Me ya sa Ummi kaɗai? Haka na yi ta saƙawa, wai ni mai takardar sakandare.)

Ranar komawa asibiti na ɓoye kular farfesun a cikin hijabi. Muna shiga na dire ta kan tebur.

"Likita, a gwada wannan. Tun da ta fara ci wuyanta ya kumbura. Ko kuwa mu dakatar da maganin ne?"

Ya duba wuyan, ya tambaya ko tana tsallake sha, ya sake duba gwajinta. Ya ce, "Hakan na faruwa. Jikinta ne ya farfaɗo yana yaƙar ragowar cutar. Za mu sa ido a kai. Amma kika kuskura kika tsayar da maganin nan, ke ce za ki cuce ta."

Sai na ji murya a bayana: "Likita, ba komai a ciki sai kaza da citta."

Madam ce. Ashe Inna ta kasa barin shago, ta roƙe ta ta biyo mu.

Na kasa waiwayawa. Ta dafa kafaɗata ta ce, "'Yata, tsoro ne, na sani. In kin gama binciken ki wanko min kulata."

Kumburin ya sace, Ummi ta ƙarasa maganinta lafiya. Ni kuwa har yau ina tuna saura ƙiris in hana ta shan maganin. Yanzu in zan kai ƙarar mutum, sai na fara duba wa ke tsaye a bayana.