Kacallan Istanbul

Ni dai har gobe ina kan bakana: jaket ɗin nan ya yi mini kyau. A Istanbul na saye shi, da muka je hutun 'yan kwanaki. Shagunan bakin titi sun karya farashi, samarin garin kuma duk irinsa suke sawa, mai dabbare-dabbare kamar kakin soja.

Da na dawo Birnin Gwari na ce sai mutanen ƙauyenmu Kazage sun ga wayewa. Ranar kasuwa na saka shi, na ƙara baƙin tabarau, na naɗe fuska saboda iska, na hau babur na ɓullo ta hanyar daji.

Mai ƙosai ce ta fara hango ni. Ta kwarma ihu, "Ga su nan!" Kafin in taka burki kasuwa ta watse. 'Yan sa-kai suka zagaye ni da bindigogi, ina ta rantse-rantse, sai kawuna ya leƙo daga ƙarƙashin teburin mahauci.

"Kada ku harba, ɗan ƙanwata ne! Sakarci ne kawai."

Har yau in na shiga Kazage, mai ƙosan sai ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe Kacalla, yau za a bar mu mu ci kasuwa?"