Marigayi Malam Damo Ya Nemi Kujerarsa

A wani daji da ke tsakanin wani dutse da wata fadama, akwai kwalejin da dabbobi suka kafa don koya wa 'ya'yansu zaman duniya. Ana koyar da gudu, da ɓuya, da gano ruwa, da yadda ake gaishe da wanda ya fi ƙarfinka ba tare da ka matsa kusa ba. Amma duk wanda ya yi aiki a wurin zai faɗa maka cewa ba karatu ne ke riƙe da kwalejin ba, wata takarda ce da ake kira Sanarwar Mako. Kowace Litinin da hantsi Aku, kakakin kwalejin, yakan rubuta ta a ɓawon itace ya kafe a jikin kukar da ke tsakar fili. A nan ma'aikaci ke ganin ƙarin girmansa, a nan yake jin an rufe hanyar rafi saboda kwarkwasa, a nan ake kiransa taron bita kan yadda za a rage yawan tarurruka. Abin da ya fito a Sanarwa ya faru. Abin da bai fito ba kuwa ana jiran ya faru, ko da kowa ya gan shi da idonsa.

Cikin malaman akwai Malam Damo, wanda ya shekara goma sha tara yana koyar da darasi guda, wato yadda ake tsallake rani. Shi ba malamin fatar baki ba ne. Da zarar ciyawa ta bushe sai ya miƙa takardar hutu, ya shige raminsa na gindin gawo, ya toshe ƙofa, ya kwanta wata biyar ba ci ba sha. Ruwan farko na sauka sai ya fito, ya karkaɗe jiki, ya shiga aji ya ce wa ɗalibai, to, ga shi kun gani. Yana son aikin nan kamar ransa, kuma ba shi da komai a duniya sai ajin nan da sunansa a rajistar malamai.

A shekara ta ashirin ma haka ya yi. Ruwa ya sauka ranar wata Laraba, Alhamis da safe ya fito yana tafe yana rangaji, ya rame amma zuciyarsa fes. Sai ya lura sallamarsa ba ta samun amsa yadda ya saba. Wasu suka amsa a ciki, wasu suka dubi sama kamar masu neman hadari. Ya wuce ofishinsa, ya tarar da Guza, ƙaramin malamin da shi ya koya wa aiki, ya miƙe ƙafa a kan tabarmarsa.

Damo ya ce, cikin raha, “Malam Guza, mai wuri ya zo, mai tabarma ya naɗe.”

Guza bai naɗe ba. Ya ce, “Malam, Allah ya gafarta maka, ni ba zan iya cewa komai ba. Ka je bayan kuka ka duba fitowa ta ɗari shida da tara.”

A bayan kukar ake ɗaure tsofaffin Sanarwa. Damo ya warware ɗaurin, ya nemo wadda aka ce, ya karanta.

“Na uku: An ɗage zaman kwamitin tsara kwamitoci sai abin da hali ya yi. Na huɗu: Hukumar kwaleji na baƙin cikin sanar da rasuwar Malam Damo. Marigayin gwani ne da ba a taɓa yin irinsa ba a wannan daji. Shekara goma sha tara bai taɓa fashin aiki ko na yini ɗaya ba, bai taɓa ɗaga murya ba, bai taɓa musa wa hukuma ba. An sa wa babban zauren karatu sunansa. Na biyar: Ana tunatar da ma'aikata su daina shanya kaya a rassan kuka.”

Sau uku ya karanta na huɗun. Gaskiya ɗaya ce, daɗi ya fara ji kafin komai, har idonsa ya kawo ruwa, domin duk tsawon aikinsa Sanarwa ba ta taɓa ambatarsa ba sai a layin masu hutu. Bayan nan ya yi dariya. Ai wannan ƙaramin abu ne, gani ya kori ji. Ya nufi ofishin Hawainiya, magatakardar kwalejin, wadda rajista ke hannunta.

Hawainiya ta dube shi da ido ɗaya, ɗayan yana kan takardunta. Ta yi masa bayani dalla-dalla. Mako guda bayan ya kwanta aka fito da sabuwar doka a Sanarwa, cewa duk mai hutu ya riƙa zuwa da ƙafarsa kowane wata yana sabunta takardarsa. Shi bai zo ba. Rajista kuwa gida uku gare ta: mai aiki, mai hutu, da wanda ya rasu. Ba ya aiki, hutunsa ya faɗi, to ina za a sa shi? Daji ne, wanda aka yi wata uku ba a gan shi ba, ba a cika tambayar inda ya tafi ba.

Damo ya ce, “Ranki ya daɗe, ramina taku arba'in ne daga nan. Kowa ya san shi.”

Ta ce, “Haka ne, Malam. Amma ba a taɓa sanar da wanda leƙa ramuka ke wuyansa ba.”

Ta ce magana ta fi ƙarfinta, sai majalisa ta zauna. Majalisa kuma ba ta zama sai an sanar, don haka Damo ya jira Litinin uku, yana jin Guza daga nesa yana koyar da tsallake rani, shi da bai taɓa kwana biyu nesa da ruwa ba. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. A Litinin ta uku aka kafe cewa majalisa za ta duba batun wani baƙo.

Aka zauna a Zauren Marigayi Malam Damo. Raƙumin-dawa, shugaban kwalejin, shi ya jagoranci zaman, kansa yana can kusa da rufi. Shugaba ne mai hangen nesa ƙwarai, abin da ke gindin ƙafarsa ne kawai ke yi masa wuyar gani. Ya ba baƙo izinin magana, Damo ya tako tsakiya ba ko gezau.

“Allah ya ja zamanin Shugaba. 'Yan majalisa, ina gaisuwa. Maganata gajeriya ce. Ni ne Damo. Ban mutu ba, barci na yi, irin wanda nake yi kowace shekara da saninku, wanda kuma shi ne darasin da kuka ɗauke ni in koyar. Dokar da aka ce na karya an yi ta ina ƙarƙashin ƙasa, kuma mai barci ba ya karatu. Ban zo neman a hukunta kowa ba. Layi ɗaya nake roƙo a Sanarwar Litinin, a ce an yi kuskure, Damo na nan, ya koma ajinsa. Damina gajeriya ce, in ɗalibai ba su koyi tara kitse yanzu ba, rani zai koya musu da tsada. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.”

Ya koma ya zauna hankalinsa kwance. Wasu har sun fara gyaɗa kai, sai Aku ya gyara fiffike.

“Allah ya taimaki Shugaba. Ba wanda ya kai ni murnar ganin wannan bawan Allah, domin da hannuna na rubuta ta'aziyyar nan, ina rubutu ina hawaye. Amma ku dubi abin da ake roƙo. Fitowa ɗari shida da doriya, Sanarwa ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba. Magana zarar bunu ce. In yau muka ce na huɗu ba daidai ba ne, gobe wani zai tambayi na uku da na biyar. Duk wanda ke zaune a zauren nan, a ina ya ga ƙarin girmansa? A Sanarwa. A ina aka naɗa shi ɗan majalisa? A Sanarwa. To ku tuna, jikin kuka ɗaya muke jingine duka. Ni ban ce ya mutu ba, ban kuma ce bai mutu ba. Na ce dai an riga an sanar.”

Masu gyaɗa kai suka daina. Hawainiya, wadda ta shigo koriya, ta koma ruwan ƙasa. Ta ce rajista Sanarwa take bi, ba za ta iya tayar da wanda aka sanar da rasuwarsa ba. Aku ya ce Sanarwa kuma rajista take bi, ba za ta iya buga sunan wanda ba ya cikin masu rai ba. Suka dubi juna cikin girmamawa. Guza ya ce shi ya ɗauki nauyin ajin ne don girmama marigayi, kuma barin ajin yanzu zai zama kamar cin amanarsa.

A nan haƙurin Damo ya ƙare, shi da ake wa kirari da sarkin haƙuri. Ya daki ƙasa da wutsiya ya ce, “Haba jama'a! Ga ni a gabanku ina numfashi!”

Hawainiya ta rubuta wani abu.

Raƙumin-dawa ya sunkuyo da kai kaɗan, ya yi magana a natse. “Na ji kowa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ba za mu zubar da mutuncin Sanarwa ba, ba kuma za mu kori mai ilimi ba. Malam Guza riƙo yake yi. Za a sanar da gurbin, a kira shi Kujerar Marigayi Malam Damo, duk mai ganin ya isa ya nema. Baƙonmu ma ƙofa a buɗe take gare shi. Wanda ya cika siffofin marigayin kamar yadda suke a rubuce, kujera tasa ce.”

Aka yaba hikimar Shugaba. Damo ma da ya huce sai ya ga ba laifi. Hanya ce dai ta yi nisa, amma gida ɗaya za ta kai shi. In ana neman mai kama da Damo a dajin nan, wa zai sha gabansa? Ya rubuta takardar nema, ya miƙa, ya ma shirya darasin da zai fara da shi.

Ranar ganawa shi kaɗai ne mai nema, don Guza ya ce shi bai kai ba, riƙon ma ya ishe shi. Shugaba da Hawainiya da Aku suka zauna, fitowa ta ɗari shida da tara tana shimfiɗe a gabansu. Suka tambaye shi ilimin rani, ya amsa har suka rasa abin tambaya. Ya faɗi zurfin ramin da ba ya zafi, da irin ƙasar da ba ta ruftawa, da yadda ake rage bugun zuciya. Raƙumin-dawa ya ce lallai an sha karatu.

Sai Hawainiya ta ɗora yatsa a kan ɓawon ta ce, “Saura siffofi. Marigayin bai taɓa fashin aiki ko na yini ɗaya ba. Kai fa?”

Aku ya matso, ya rage murya. “Malam, ka ce haka ne kawai. Kai ka huta, mu ma mu huta.”

Damo ya fahimci abin da ake miƙa masa. Kalma ɗaya, ya koma ajinsa gobe, kuma Allah ya sani yana son ajin nan. Amma in ya ce bai taɓa fashi ba, ya ce ke nan bai taɓa kwanciyar rani ba, kuma abin da ya shekara goma sha tara yana nuna wa ɗalibai da jikinsa tatsuniya ce. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ya ce, “Ranki ya daɗe, wata biyar nake yi kowace shekara ban leƙa aji ba. Shi ne ilimin nawa. Wanda bai yi haka ba bai san abin da zai koyar ba.”

“Marigayin bai taɓa ɗaga murya ba, bai taɓa musa wa hukuma ba.”

“Wannan kuwa kina wurin.”

Suka yi masa godiya ƙwarai, suka ce zai ga sakamako a inda aka saba gani. Ya fito bai sunkuyar da kai ba, ko da yake zuciyarsa ta yi nauyi, domin ya san ya bar ajin nan ke nan. Daga ranar ya koma zama a gindin gawo, bayan shingen kwaleji. Ɗalibai suka riƙa zagayowa bayan an tashi, yana nuna musu yadda ake haƙa, ba rajista ba kujera, kuma Sanarwa ba ta san ana yi ba.

Ranar Litinin da hantsi ya je gindin kuka, ya tsaya cikin ma'aikata, suna matsa masa wuri ba tare da sun dube shi ba. Na ɗaya batun hanyar rafi ne. Na biyu aka ce:

“Hukumar kwaleji na sanar da ma'aikata cewa ba a cike Kujerar Marigayi Malam Damo ba. Mai nema ɗaya aka samu, yana da ilimi gwargwado, har yana ɗan kama da marigayin a fuska, amma ko kusa bai kai shi hali ba. Irinsu in sun tafi ba sa dawowa.”