Zakarana Ya Yi Wa Unguwa Shaidar Lafiya

Yau da safe zakarana ya miƙe wuya zai yi cara, sai atishawa ta fito. Ni da na saba cika baki da shi a ƙofar shagon tela, nan take na leƙa waje in ga ko wani ya ji.

Kwanakin baya mura ta faɗa wa kajin unguwarmu. Ko'ina kakari da majina, idanu a kumbure, ƙwai ya ɗauke. Gidana kaɗai ta tsallake, don maman yara ta garƙame akurki, ko ƙanwarta ba ta bari ta leƙa.

Ana haka sai ga tawagar Mai Girma Shugaban Kwamitin Numfashin Kaji, Allah ya ƙara wa ofishinsa sanyi. Shi dai bai zo ba, ya turo jami'i cikin farar riga da mai ɗaukar hoto. Jami'in ya ce za a zura tsinken auduga a maƙogwaron kaza a gano ƙwayar cutar, a ɗebi jini a fiffike a ga ko garkuwar jikinta ta motsa. Unguwar da aka samu cutar, ita za a kawo wa magani da rigakafi. Wallahi na ji daɗi, har na ɗauko masa kujera.

Ya fara da gidan tela. Kazar farko da ya kama ta fesa masa majina a hannun riga. Ya sake ta, ya daɗe yana kallon rigar.

"Wai duk unguwar nan babu kaza mai tarbiyya?"

A nan bakina ya ja mini. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai zakarana."

Da ya ga zankon nan ja wur, sai fuskarsa ta washe. "Yawwa, malam. Irin wannan ake kai wa Mai Girma. Ara mana shi, aikin ƙasa ne."

Maman yara ta ce, "Baban yara, kada ka fitar da shi." Na ce ta yi haƙuri, ba kullum hukuma ke neman alfarma a gidanmu ba.

Haka aka zaga da bawan Allah gida gida. A tsaya da shi a bakin akurkin marasa lafiya suna yi masa tari a fuska, a zura masa auduga, a ɗiga jininsa a kwalba, a manna sunan mai gidan, a ɗauki hoto. A gidan mai faci har hularsa aka ɗora mini, don kada a gane mutum ɗaya ne ke riƙe da kazar. Kafin a gama, zakara ya zama kazar tela, ya zama ta direba, ya zama ta tsohuwa mai sayar da gawayi.

Tela ya ce, "Yallaɓai, to namu da ke mutuwa fa?"

"Ai kaza kaza ce," in ji jami'in. "Ilimi ne, ba za ka gane ba."

Jiya sakamako ya fito. Babu ƙwayar cuta ko ɗaya a unguwarmu, kuma garkuwar kajinmu iri ɗaya ce sak, abin da Mai Girma ya kira haɗin kai abin koyi. Saboda haka motar magani ta wuce mu, ta tafi inda ake da bukata. Tela ya daina amsa gaisuwata. Maman yara kuwa miƙo mini tsintsiya ta yi, ta nuna akurki, inda kaji uku suka fara kakari.

Na kira jami'in na ce zakaran nan fa yana numfashi da baki a buɗe.

"Ba zai yiwu ba," ya ce. "Babu kazar da aka gwada kamarsa a ƙasar nan."

Gaskiyarsa. Yanzu haka zakaran yana kwance a gefe, ido a rufe. Na rasa yadda zan gaya masa cewa a hukumance lafiyarsa ƙalau, kuma shi ya ba da shaida.