Rasuwar Sinar Tomia, Jirgin da Bai Taɓa Shan Mai Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tufafin da har yanzu gishirin teku bai fita daga jikinsu ba, iyalan La Saridu na tsibirin Tomia suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar jirgin ruwansu, Sinar Tomia. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan duwatsun murjani na bakin tsibirin Kaledupa, bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ya yi rayuwarsa kaf bai kurɓi man fetur ba. Zani ɗaya gare shi, faci a kan faci, da shi yake kama iska. In ta zo ya tafi, in ta ƙi ya zauna, kuma bai taɓa ba fasinja haƙuri ba. Ya yi dakon busasshen kifi da rogo da kwakwa, ya kai marasa lafiya asibiti, wasunsu ma sun warke kafin a isa. Maƙwabta za su tuna muryarsa: ƙiii idan ya karkata dama, ƙiii-ƙaƙ idan ya karkata hagu, da fat-fat ɗin zaninsa duk sanda iska ta sake shawara.

Shi ne na ƙarshe a gaɓar nan da ba a ɗaura wa inji ba. La Mane, ƙanin matar mai jirgin, wanda ke da kwalekwale mai inji, ya sha cewa, "Yaya, sa wa tsohon nan inji ka huta, kai ma ka riƙa isa gari ranar da ka ce." La Saridu kan amsa, "Wanda ya iya kiran iska me zai yi da hayaƙi, yaro?"

Ciwon ajali ya same shi a watan nan da iskar gabas ke ban kwana, ta yamma kuma ba ta gama shigowa ba. Teku ya kwanta lamo, zani ya saki jiki, ruwa na jan jirgin a hankali zuwa ga duwatsu. La Saridu ya yi abin da ya gada daga mahaifinsa: ya sosa sandar tsakiya mai riƙe da zanin da farce, ya ɗaga kai, ya yi dogon fito da baki. Kowa a Tomia ya san ba a kiran iska a wannan watan, domin ba a san wadda za ta amsa ba. Matarsa Wa Ntima, da ke zaune kan buhun rogo, ta tuna masa.

"Baban Rusli, wace kake kira?"

"Ta gabas mana. Ta san muryata."

Ta yamma ce ta amsa. Ta faɗo ta bayan gajimare, ta cika zanin ta ɓangaren da ba a shirya ba, ta ɗauki marigayin ta ɗora shi kan murjani cikin ladabi. An jefa anga, ƙarfen tsayar da jirgi, bai kama ba. An yi addu'a, an yi kwarfar ruwa da tukunyar shinkafa. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce ƙaraƙ. Mutanen cikin jirgin suka taka zuwa tudu, ruwa iya ƙirji.

Ya rasu ya bar mai shi, wanda bai iya wata sana'a ba. Ya bar Wa Ntima, wadda tun ranar ba ta ce "ai na faɗa" ba, abin da ya fi faɗar ciwo. Ya bar tukunyar shinkafa, da kuma anga, wanda masu nutso suka tabbatar yanzu ya kama dutse gam, ba ya riƙe da komai.

Ba za a yi wa mamacin wanka ba, teku na yi masa safe da yamma. Ba za a binne shi ba, an nemi ɗaga shi an kasa. Masu son ganawa da shi su zo ranar Juma'a bayan sallah, lokacin da ruwa ya janye haƙarƙarinsa suka bayyana. La Mane ya ɗauki nauyin kai jama'a a kwalekwalensa mai inji, inda La Saridu zai fara aikin kwarfar ruwa daga ranar Asabar.

Iskar gabas ta iso ranar Laraba, tana ta kaɗawa daidai yadda ake so. Iyalan sun karɓi ta'aziyyarta. Ana roƙon sauran masu zuwa kada kowa ya yi fito da baki a gaban mai makoki.