Rasuwar Ɗan Karkace, Rubutun Shagon Basiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da jiki a sanyaye, ni Basiru mai buga kati a hanyar bakin ruwa, Yelwa, nake sanar da jama'a rasuwar Ɗan Karkace, salon rubutun nan na kwamfutata mai kama da rubutun hannu.

Marigayin ya zo ne cikin tsohuwar kwamfutar da na sayo a Kwantagora. Sunansa na yanka ban taɓa sani ba, domin inda ya kamata sunan ya fito wasu alamomi ne kawai. Mu muka laƙaba masa Ɗan Karkace, saboda yadda yake ɗan jingina dama kamar shinkafa in iska ta taso daga ruwa. Haruffansa riƙe suke da hannun juna. Jelar "g" ɗinsa sak ƙugiyar kamun kifi.

Ya san wurin da ya dace da shi: katin biki, katin suna, gaisuwar Sallah, sunan amarya a jikin kalanda. Ba ya son doguwar magana. In an rubuta shi da manyan baƙaƙe zalla sai ya rikice, in an ƙanƙanta shi ya dunƙule. Takardar kotu kuwa bai taɓa shiga ba.

Ciwon ajali ya fara da wani ƙas-ƙas-ƙas daga cikin kwamfutar. Ran Laraba aka kawo wuta da ƙarfi, fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Mati mai gyara ya buɗe ta, ya girgiza kai. Na duba dubban irin marigayin a intanet, babu mai wannan jela.

Ya rasu ya bar takardar waƙoƙin Kirsimeti ta Malama Grace, da sunayen jiragen ruwa masu zuwa Shanga, da ni. Ya kuma bar katin bikin autar Hajiya Balaraba ta Warra, an buga bango ba a buga ciki ba.

Hajiya ta zo karɓa, na nuna mata duk salon da ya rage. Ta ce wannan ya yi kama da takardar asibiti, wancan kuma da sammaci. Sai ta ja benci ta gitta shi a ƙofar shago.

"Da Ɗan Karkace anka yi katin yayyenta," in ji ta. "Ba ni tashi, kai ma ba ka fita, sai ka tashe shi."

Tun ranar a bakin ƙofar take kwana, da tabarmarta da butarta. Abincina ma sai ta ɗanɗana ake miƙo mini.

Za a binne abin da Mati ya ciro daga cikin kwamfutar ran Asabar bayan La'asar, ƙarƙashin mangwaron bayan shago. Mati zai wakilce ni. Masu ta'aziyya su zagayo ta taga.