Gautar da Ban Shuka Ba

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na fara lambu a bayan gidana a Zuru ba, bayan na bar aikin soja. Ni mutum ne mai son tsari. Tumatir a layin farko, alayyafo a na biyu, gauta a na uku. Ruwa safe da yamma daga rijiya, taki daga garken maƙwabcina.

Wata safiya na ga wani tsiro a gefen layin gauta. Ganyensa kamar nata, amma ya fi faɗi, ya kuma fi saurin girma. Abin ya ɗaure mini kai. Na tsuguna na juya ganyen, na shinshina (warin bai yi mini ba, amma na ce wataƙila haka irin ƙasar waje yake). Daga nan na yi masa kunya tasa shi kaɗai, na ƙara masa taki, na kafa masa sanda. Ya fitar da farar fure doguwa kamar kakaki, sannan 'ya'ya masu ƙaya. Gauta mai ƙaya! Kullum sai na leƙa in ga abin da zai yi kuma. Matata ta ce, "Baban Ladi, ka dai tambaya." Na ce soja ba ya tambayar hanya a barikinsa.

A lokacin ni ne shugaban kwamitin hana matasa shaye-shaye a unguwarmu, kuma ba na wasa da muƙamin. Ranar da taro ya faɗo gidana, muna tashi na jera 'yan kwamitin zuwa lambu. Na nuna layi ɗaya bayan ɗaya, na ajiye abin alfaharina a ƙarshe.

"Wannan sabuwar gauta ce. Duk mai son iri ya yi magana."

Sakatare ya kama tari. Sai Mama Laraba, tsohuwar da ke wakiltar iyaye mata, ta dafa sandarta ta leƙa.

"Sajan, zaƙami ne fa! Abin da muke hana yaranmu sha, shi kake ba taki?"

"Har sanda ya kafa mishi," in ji sakatare, yana share hawayen dariya.

Na tsaya ƙam kamar a fareti. A gabansu na tumɓuke shi.

Ba su sauke ni ba, sai dai a taro na gaba Mama Laraba ta ba da shawarar a fara binciken unguwa daga gidan shugaba. Aka amince, ni ma na ɗaga hannu. Tun daga ranar, duk abin da ya tsiro ban shuka ba, sai na san sunansa kafin ya sha ruwan rijiyata.